Tsakanin fara ƙal da ja: maganar shinkafa mai rabin surfe

  

Yau shinkafa za mu tattauna a kai. Na san wani zai ce, to shinkafa kuma me za a faɗa mana a kanta, abin da muke ci safe da yamma? Ku ɗan yi haƙuri. Tambayar ita ce: in ka je gaban mai inji da buhun shanshera, ko ka tsaya gaban mai awo a kasuwa, wace iri za ka ce a ba ka? Yawancinmu abu biyu muka sani. Akwai fara tas, wadda aka goge har tana ƙyalli. Akwai kuma ja ko ruwan ƙasa, wadda ɓuntu kaɗai aka cire mata, irin wadda likita ke cewa mai ciwon suga ya riƙa ci, shi kuma ya ci kwana uku ya ce ya gaji. To akwai ta uku a tsakaninsu, wadda aka surfa rabi aka bar rabi. Ita ce maganarmu ta yau, musamman mai gajeren ƙwaya, irin ta tuwo.

Kuma zan ɗora maganar ne a kan ƙasar Haɗeja, musamman Kirikasamma, domin can ne mutum zai iya bin ƙwayar shinkafa tun daga fadama har cikin tukunya.

Wanda bai san yankin ba, Kirikasamma ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja a jihar Jigawa, tare da Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama da Malam Madori. Tana cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda Kogin Haɗeja ke rarrabuwa ya malale ƙasa. Dajin Baturiya, wanda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai, yana nan, kuma a 2008 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Tun kaka da kakanni mutanen wurin da ambaliya suke noma: ruwa ya zo a yi shinkafa, ya janye a yi wake da kayan rafi, a kama kifi, Fulani su shigo da shanu. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta canja. Kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Ga kuma ambaliya irin ta 2022 da ta cinye amfanin gona mai yawa a Jigawa. Abin da nake so ku riƙe shi ne, kowane mudun shinkafa da ya fito daga wannan yanki da wahala ya fito. Saboda haka abin da ake zubarwa a bakin inji ya cancanci a tsaya a dube shi.

To, me ake zubarwa?

Ɗauki ƙwayar shanshera guda ɗaya. Daga waje akwai ɓuntu, wanda ba ya ciwuwa, shi ne wajen kashi 20 cikin 100 na nauyinta. In an cire shi, sai ka ga fata mai launi, ja ko ruwan ƙasa, ita ce dusa, wajen kashi 8 zuwa 10. A gefe guda ta ƙasa akwai ɗan ido, inda tsiro ke fitowa in an shuka ta. Ƙanƙane ne, bai fi kashi 1 zuwa 2 ba. Sauran, wajen kashi 70, shi ne farin cikin, kuma kusan duk sitaci ne.

Dusar nan da idon nan, duk da ƙanƙantarsu, a nan mafi yawan bitamin B1 yake, da mai, da magnesiyam, da abin da likitoci ke kira faiba, wanda ke sa bayan gida ya yi laushi, yake kuma rage saurin shigar suga cikin jini. A giram 100 na shinkafar da ba a surfa ba, akwai bitamin B1 wajen miligiram 0.4. In aka goge ta tas, sai ya koma ƙasa da miligiram 0.1. Babban mutum kuwa yana buƙatar miligiram 1.1 zuwa 1.2 kullum. Kun ga ke nan, in muka ce wa mai inji ya ƙara mayar da ita don ta yi fari, mafi amfanin muke ba kaji da tumaki, mu kuma mu tafi gida da sitacin.

Wannan magana tarihi ne ya koyar da ita, kuma da rayukan mutane aka biya kuɗin karatun.

Akwai wata cuta da ake kira beriberi. A'a, ban ce Barebari ba, 'yan uwanmu na gabas ku kwantar da hankali, wannan kalma daga can Asiya ta fito. Cuta ce ta rashin bitamin B1: ƙafafu su mutu, jiki ya kumbura, zuciya ta gaza. A ƙasar Japan, tun zamanin da ake kiran Tokiyo da suna Edo, ana ce mata ciwon Edo, domin mutanen birni masu cin farar shinkafa ne ke kamuwa, in suka koma ƙauye suka ci abincin talakawa sai su warke. A 1883 wani jirgin ruwan sojan Japan mai suna Ryujo ya yi doguwar tafiya da mutum 376. Mutum 169 suka kamu, 25 suka mutu. Likitan sojan ruwa Kanehiro Takaki ya ce matsalar daga abinci take. A 1884 aka tura wani jirgin, Tsukuba, ya bi hanya ɗaya, amma aka canja abincin, aka ƙara nama da sauran abubuwa. Mutum 14 kacal suka kamu, ba wanda ya mutu.

A tsibirin Jaba na Indunusiya kuma, a shekarun 1890, wani likita ɗan Holan, Christiaan Eijkman, ya lura kajin da ake ba ragowar farar shinkafa suna shanyewa, in aka ba su wadda ba a goge ba sai su miƙe. Wannan aiki ne ya buɗe ƙofar gano bitamin, har aka ba shi kyautar Nobel a 1929. A 1910 masanin Japan Umetaro Suzuki ya tace sinadarin daga dusar shinkafa. Ku ji fa, daga dusa. Kuma kada a ɗauka abin na Asiya ne kaɗai: a 1988 an sami ɓarkewar wannan cuta a Gambiya, a lokacin damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa mutane suka koma ga farar shinkafa.

Mutanen Japan ba su daina son farar shinkafa ba, kuma ba su koma cin ja gaba ɗaya ba. Sai suka raba surfen mataki-mataki, daga ɗaya zuwa goma. Akwai ta uku, wadda aka cire kashi uku cikin goma na dusar. Akwai ta biyar, rabi ke nan. Akwai ta bakwai, wadda ta kusa fari. Akwai kuma wadda suke kira haiga, an cire dusar amma an bar idon a jiki. A ƙarshen 1939, lokacin yaƙi, gwamnatinsu ta ma hana goge shinkafa fiye da mataki na bakwai, don a tsimi abinci. Har yau mutum na iya sayen shinkafarsa ya zaɓi matakin da yake so a surfa masa. Shinkafarsu kuwa gajera ce, mai danƙo, 'yar uwar tamu ta tuwo.

Yanzu mu dawo gida. Abin da Japan ta sa wa lamba, iyayenmu mata sun daɗe suna yin sa da turmi da taɓarya. Surfen hannu ba ya taɓa kwashe dusa duka. Shi ya sa shinkafar da, in an dafa, za ka ga jajaja-jajaja a jikinta, ga ƙamshi. Asalin shinkafar Afirka ma, wadda aka fara nomawa a yankin Kogin Kwara na ƙasar Mali wajen shekara 3,000 da suka wuce, yawancinta jar fata gare ta. Da irin Asiya suka shigo, da injuna, da shinkafar ƙasar waje daga Tailan da Indiya, sai ido ya saba da doguwa fara. Har ta kai in an kawo ta gida a biki ana ganin kamar an gaza. Bayan rufe iyakoki a watan Agusta na 2019, ta gida ta samu kasuwa, amma gasar da aka shiga ita ce wa zai goge tasa ta yi kama da 'yar waje.

Akwai wani abu kuma da ya kamata a yaba wa matan da ke sana'ar turara shinkafa. In aka jiƙa shanshera, aka turara ta, aka shanya kafin a kai inji, wato gumi, ruwan zafin nan yana tura wani kaso na bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwaya. Ko an goge ta daga baya, ba ta yin asara kamar ɗanya. Tun a 1907 likitocin Ingila a ƙasar Malaya suka tabbatar da haka, da suka ga masu cin turararriya ba sa kamuwa da beriberi kamar masu cin ɗanya gogaggiya. Turarawar tana kuma ƙarfafa ƙwaya, ba ta kakkarye sosai a inji.

Wannan ya kawo mu ga inda gizo ke saƙar. Shinkafar dafa-duka da ta garau-garau yawanci gumi ce, tana da ɗan kariya. Amma ta tuwo, da ta waina, da ta sinasir, ɗanya ce, ba a turara ta ba. In aka goge ta tas, sannan aka wanke sau uku sau huɗu, aka jiƙa aka zubar da ruwan, kusan ba abin da ya rage sai sitaci. Don haka in akwai shinkafar da ta fi buƙatar rabin surfe a gidajenmu, ta tuwo ce. Kuma sa'a aka yi, gajerar ƙwaya ta fi jure inji fiye da doguwa irin su Sipi, kuma danƙonta yana nan ko an bar mata ɗan dusa, tuwo zai tuƙu ya mulmulu.

Wani zai ce, to me ya hana a ci ja ɗungurungum a huta? Dalilai uku ne. Na farko wuta: ja tana cin minti 40 zuwa 50 kafin ta nuna, kusan ninkin fara. A wannan zamani na tsadar gas da gawayi da itace, uwargida ba za ta yi maraba da haka ba. Na biyu baki: tana da tauri, yara da tsofaffi ba sa so, kuma ba ta yin tuwo mai laushi. Na uku ajiya: man da ke cikin dusa yana lalacewa, a zafi irin na Haɗeja a watan Afrilu kuwa ba ta daɗewa sai ta fara warin maiƙo, ƙwari ma sun fi son ta. Akwai kuma abin da masana suka sani, cewa sinadarin asenik da shinkafa ke zuƙa daga ƙasa da ruwa ya fi taruwa a dusa, shi ya sa ake shawartar kada a ɗora jarirai a kan shinkafa kaɗai, a riƙa sauya musu da gero da dawa da sauransu. Mai rabin surfe ta rage duk waɗannan matsaloli, ta kuma riƙe wani kaso mai kyau na amfanin. Abincin da za a iya ci kullum ba tare da an yi faɗa a gida ba ya fi wanda za a ci sati ɗaya a watsar.

Sai maganar ciwon suga, wadda na san ita ce ta fi damun da yawanku, domin a gidaje da yawa yanzu akwai baba ko inna da ke fama. A 2010 masu bincike na Jami'ar Harvard a Amurka suka fitar da sakamakon bin mutane kusan 200,000 na shekaru masu yawa. Sun ƙiyasta cewa musanya giram 50 na farar shinkafa da ja a kullum yana tafiya da raguwar haɗarin ciwon suga da kashi 16 cikin 100. Amma ku lura, wannan a kan ja ne cikakkiya. Mai rabin surfe tana tsakiya, amfaninta ma yana tsakiya. Sannan gajerar shinkafa mai danƙo ta fi doguwa saurin ɗaga suga, balle in an dafa ta luguf aka tuƙa. Saboda haka kada wani ya je ya ce wa Hajiya an samo shinkafar da za ta ci malmala uku ba komai. Ba magani ba ce. Mai ciwon suga ya rage yawa, ya ƙara wake, ya cika miya da ganye, kuka ko zogale ko alayyahu, ya sa kifi tun da Allah ya hore shi a yankin, ya sha maganinsa, ya kuma bi abin da likitansa ya ce.

Yanzu lissafin aljihu. In shanshera ta bushe da kyau kuma injin mai kyau ne, kilo 100 zai ba da wajen kilo 80 bayan cire ɓuntu. In aka goge ta tas, a samu wajen kilo 72. In rabi aka surfa, wajen kilo 76. Bambancin kilo 4 ke nan a kowane kilo 100. Manomin da ya kai buhu goma masu kilo ɗari-ɗari, ya tsira da kilo 40, ya kusa buhun nan na kilo 50 da ake sayarwa a shago. Wani zai ce ai dusar ma ana sayarwa. Haka ne, amma kuɗin dusa ba ya kama ƙafar kuɗin shinkafa, kuma a ƙananan injunan ƙarfe da suka fi yawa a ƙauyuka, dusa da ɓuntu a haɗe suke fitowa, darajarta ta ragu. Ƙari a kan haka, duk zagayen da aka ƙara a inji, ƙarin man dizal ne da ƙarin karyayya.

To yaya za a yi a aikace?

In kana da shanshera, ko za ka iya saye a kaka, ajiye ta da ɓuntunta. A haka take daɗewa. Ka riƙa kai wa inji kaɗan-kaɗan, abin da gida zai ci cikin sati biyu zuwa wata ɗaya. Ka ce wa mai inji, malam, kada ka matse ta, ɓuntun nake so ya fita, ka bar mata ɗan ja. Ya fara da kwano ɗaya ku duba tare. Abin da ake nema shi ne launin madara da ɗan jirwaye, kuma in ka duba gefen ƙwayar ka ga idon yana nan a mafi yawansu. In injin mai roba ne da ke raba cire ɓuntu da gogewa, abin ya fi sauƙi, sai a rage gogewar kawai. In na ƙarfe ne, za a iya samun 'yan shanshera da suka tsallake, sai a sheƙe a tsince.

In kuma a kasuwa za ka saya, ka bambanta launin dusa da launin lalacewa. Shinkafar da aka jiƙa ta daɗe a ruwa har ya yi tsami, ko ta ƙone wajen turarawa, ko ta yi fumfuna, ita ma duhu take yi. Ɗebo ka shinshina. Mai kyau ƙamshin hatsi take yi. In ka ji tsami ko warin rima, ko ka ga baƙaƙen ƙwayoyi da yawa, bar ta. Tsakuwa kuwa, wadda ita ce babban abin da ya sa mutane suka guji ta gida, ba ruwanta da fari ko ja. Daga shanya a ƙasa ko a bakin titi take shiga. Tamfol da injin cire tsakuwa ne maganinta, in babu kuma a rege.

Wajen girki, 'yan uwa mata da samari masu girka wa kansu a makaranta, a wanke ta a hankali, sau ɗaya ko biyu, kada a murje ta da ƙarfi, don idon saurin faɗuwa yake yi. A jiƙa ta kamar minti 30, a ɗan ƙara ruwa fiye da na fara, kuma a dafa ta yadda za ta shanye ruwanta, domin bitamin B1 ruwa yake bi, in an tsiyaye an zubar da shi. Ragowar a ajiye a mazubi mai murfi, a wuri mai sanyi, nesa da rana. In mutanen gida suka yi ƙorafi, a fara da gaurayawa: kwano biyu fara, kwano ɗaya mai rabin surfe, a hankali baki zai saba.

Ga matasan Kirikasamma, Guri, Auyo da Haɗeja masu neman abin yi, akwai ƙofa a nan. A Kano da Kaduna da Abuja akwai mutanen da ke shiga manyan kantuna suna sayen jar shinkafar waje da tsada saboda lafiya. Wanda ya iya samo shanshera mai kyau, ya surfa rabi, ya cire tsakuwa, ya ƙulla a leda kilo biyu ko biyar, ya rubuta ranar da aka surfa ta, ya faɗa wa mai saye gaskiya cewa ba ta daɗewa kamar fara, zai iya tallata ta a WhatsApp da Facebook daga garinsu. Sharaɗin dai shi ne tsabta da gaskiya, kuma kada a yi mata tallan magani.

Ba na cewa a bar farar shinkafa. Ranar suna ko ɗaurin aure, a dafa abin da ran baƙi ke so. Kuma mu Hausawa muna da garkuwa da mutanen Edo ba su da ita: gero, dawa, wake da gyaɗa duk suna ɗauke da bitamin B1. Damuwar ita ce yadda abincin matasa ke komawa shinkafa da safe, taliya da rana, shinkafa da dare, fura da tuwon dawa kuma sai an je ƙauye. Wanda abincinsa ya koma haka, irin shinkafar da yake ci ta zama babbar magana a gare shi.

Aikin da zan ba ku a wannan makon ƙarami ne. Ku samu mudu ɗaya, a yi tuwo da ita ranar Juma'a, kada a gaya wa kowa sai an gama ci. Sannan ku tambayi kaka ko inna ta kwatanta muku da tuwon da suka ci suna yara. Masu inji da mata masu turara shinkafa da ke saurarenmu, mun san kun fi mu sanin wannan aiki, ku faɗa mana yadda kuke kiran wannan mataki na surfe a garinku, da irin shinkafar da ta fi karɓarsa.

Allah ya ba manomanmu damina mai albarka, ya kiyaye su daga ambaliya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.